Daga Damagaram zuwa dajin Omo, inda katakon rufinmu yake fitowa

Mafi yawan katakon da ake ɗora kwano a kansa a Damagaram, da wanda kafintoci suke yin ƙofa da gado da bencin makaranta, ba a ƙasarmu ya tsiro ba. Daga kurmi yake zuwa, ya yada zango a Kano, sannan ya tsallako mana. Mu masu wannan sana'a yawancinmu a Kano muke tsayawa, mu saya daga hannu na uku ko na huɗu. A watan Janairu na wuce Kano na gangara har jihar Ogun, domin lokacin ne ake aikin daji sosai: ruwa ya ɗauke, hanyoyin cikin kurmi sun bushe, manyan motoci suna iya shiga.

Mun bar tasha bayan sallar asuba, cikin sanyi da buji. Hanyar ita ce ta Takeita, a karya kudu zuwa Kance da Matamaye. Wanda zai je ganin dajin da ake cinyewa ya kamata ya buɗe ido tun daga nan, don abin da zai gani a kudu kishiyar wannan ne. Gonakin Matamaye a Janairu babu karan gero a tsaye, amma gawo kore shar, tun da shi da rani yake ganye, da damina ya zubar. Ba wanda ya dasa su. Manomi ne yake barin tohon da ya fito daga kututture ko daga kashin dabba, ya zaɓi sanda ɗaya zuwa uku masu ƙarfi, ya sassabe sauran, ya riƙa aske rassan ƙasa har itacen ya fi ƙarfin bakin akuya. Sassaben zamani ke nan. Masu binciken da suka auna shi da hoton tauraron ɗan Adam sun ƙiyasta wajen hekta miliyan 5 a ƙasar Nijar, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram, kuma Magariya da Matamaye da Mirriya su ne cibiyarsa a wajenmu.

Kuɗin mota zuwa Ɗan Barto jika uku na biya. A iyaka katin ɗan ƙasa da katin rigakafin shawara ake nema, kuma wanda bai riƙe na biyun ba shi ne yake daɗewa a tsaye. Na canza kuɗi a wurin, jika guda ta ba ni naira dubu biyu da ɗari biyar da ƴan kai, amma kada kowa ya riƙe wannan lissafi, farashin safe daban na yamma daban. Daga Kwangwalam zuwa Daura zuwa Kano ba abin faɗi sai shingaye, kowane da irin kakinsa, kuma direba ya san abin da yake miƙawa a kowane ɗaya ba tare da ya kashe mota ba.

Daga Kano na shiga doguwar bas mai zuwa kudu, naira dubu talatin da biyar. Zariya, Kaduna, Abuja, duk cikin dare da gyangyaɗi. Gari ya waye mana wajen Lokoja, inda Kwara da Binuwai suke haɗuwa, kuma daga nan ido yake fara aiki. Buhunan gawayi jere a bakin titi, tsibi bayan tsibi. Wani da ke kusa da ni, mai fataucin doya, ya ce shekarun baya a wannan hanya kana ƙirga tirelolin madobiya har ka gaji. Gaskiya ya faɗa. Madobiya ce ƴan kasuwa suke kira madirid ko koso, Sin ce take sayenta don kujerun alfarma, kuma an share ta daga Kogi zuwa Taraba cikin ƴan shekaru, har aka sa ta a jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta cinikin tsirrai da namun daji, CITES, take sa wa ido daga farkon 2017. Ita ba itacen kurmi ba ce, ta dajin tsakiya ce, kuma makiyaya sun fi kowa jin rashinta domin ganyenta abincin shanu ne a ƙarshen rani.

Bayan Okene da Owo da Akure sai Ore, mahaɗar da duk mai zuwa Legas ko Benin ya sani. A unguwar Hausawa na sauka, ɗaki mai fanka naira dubu takwas, wuta tana zuwa tana tafiya. Zafin wurin ba irin namu ba ne: ba rana ce take ƙona ka ba, gumi ne ba ya bushewa, rigar da ka wanke da dare da safe ma da danshinta. Abinci sakwara da miyar agushi, ko amala da miyar ewedu mai yauƙi, manja a kan komai. Mai son tuwon shinkafa da miyar kuka zai samu a wurin matan Hausawa, da ɗan tsada. Garin rogon Ijebu kuwa mai tsami ne ƙwarai, shi ma'aikatan daji suke jiƙawa da ruwa da ƙuli su wuni a kansa.

Daga Ore aka bi babban titin Sagamu zuwa mahaɗar da ake kira J4, daga nan ɗan acaɓa, kabu-kabunsu ke nan, ya shiga da ni ciki. Gandun dajin Omo sunan kogin da ya ratsa shi ya ci. Turawan Ingila suka keɓe shi a 1925, faɗinsa wajen hekta 130,000. A cikinsa akwai wani yanki na hekta 460 da aka hana taɓawa kwata-kwata, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin wurarenta na musamman a 1977. Ruwan da yake sauka a wurin a shekara ya kusa milimita 2,000, mu kuwa a Damagaram in mun samu 400 sai mu ce damina ta yi daidai. Mutum zai zaci daga bakin kwalta zai shiga duhun itatuwa. Ba haka ba ne. Tafiya mai nisa muka yi a cikin malaina da tik da aka dasa layi-layi, sai gonakin koko, ayaba, rogo, goro, da ƙauyuka masu rufin kwano da makaranta da masallaci da coci, duk a cikin abin da taswira ta ce gandun daji ne. Malainar an kawo irinta daga Asiya, an share kurmi na asali an dasa ta domin ciyar da masana'antar takarda ta Iwopin, wadda ba ta taɓa yin aiki yadda aka tsara mata ba. Ashe gwamnati da kanta ce ta fara babban sassabe.

A ƙa'ida ga yadda sara yake tafiya. A Najeriya gandun daji na gwamnatin jiha ne, ita take ba ɗan kwangila yanki. Ma'aikacin gandun daji ya shiga tare da mai neman itace, a auna kewayen gindi, wanda bai kai ma'aunin da doka ta sa ba a bar shi, wanda ya kai a rubuta masa lamba. A biya kuɗinsa. In an kayar, a buga guduma mai hatimi a kan kututture da bakin kowane gungume, ta ɗan kwangila da ta hukuma, sannan a ba da takardar da za ta raka motar zuwa injin tsaga. Gungumen da ba hatimi a bakinsa na sata ne, ko mai shi ya rantse. Tsarin a takarda ba shi da laifi. Inda yake ɓaci shi ne mai gadi ɗaya da babur ɗaya ba zai iya da dubban hekta ba, kuma jiha tana kallon dajin a matsayin wurin tara haraji, kowace shekara ana son kuɗin da ya fi na bara.

Na tsaya a wurin da ake kayar da wani loko, wanda su suke kira iroko. Manyan itatuwan kurmi da yawa suna da gindi mai fukafukai da ya kan fi tsayin mutum, don haka mai inji ko dai ya datse fukafukan tukuna, ko ya kafa dandamali ya yanka daga sama. Na biyun ya fi sauri, shi aka fi yi, kuma shi yake barin mafi kaurin katako a tsaye ya ruɓe. Injin da kowa yake riƙe da shi Stihl 070 ne, mai nauyin wajen kilo 11 kafin a ɗaura masa takobi da sarƙa. Ana fara buɗe baki a gefen da ake so itacen ya faɗi, zurfinsa kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na kaurin gindi. Sai a koma baya a yanka, ɗan sama da ƙasan bakin, a bar wani siririn nama a tsakiya wanda bai yanke ba, shi ne yake riƙe itacen ya juya shi inda aka nufa. In aka cinye wannan naman, itace ya faɗi inda ya ga dama. In aka bar shi da kauri, gindin ya tsage sama, mita biyu ko uku na mafi kyawun gungume sun tafi, wani lokaci har da ran mai inji. Mai gwaninta kuma yana soka takobi cikin gindi kafin ya fara, don ya ji ko cikin rami ne. Wanda ake biya da yawan abin da ya kayar ba ya ɓata lokaci a kan wannan, shi ya sa za ka ga ƙaton itace kwance an yi watsi da shi, an kayar sannan aka ga ba komai a cikinsa.

Ɓarnar da ta fi girma ba a gindi take ba, a sama take. Kawunan itatuwan kurmi a ɗaure suke da juna da igiyoyin daji masu kaurin hannu. In ba a datse igiyoyin nan wata shida ko shekara kafin sara ba, don su bushe su saki, babban itace yana faɗuwa ne da maƙwabtansa. A gabana loko ɗaya ya karya na kusa da shi, ya tsige kan wasu, ya danne matasan da ke ƙarƙashi, aka samu fili da rana take dukan ƙasa kai tsaye. Sannan a buɗe hanyar da za a ja gungumen, ita ma sai an share duk abin da ke gabanta.

Motar da take ɗauko gungume Yarabawa suna ce mata agbegilodo. Ba ƙofa, ba gilashi, wani lokaci ba fitila, direba yana zaune a kan katako, inji a buɗe, ga na'urar ja da igiyar ƙarfe a baya. Duk wanda ya gan ta tana gangara da gungume uku a ɗaure zai ba ta hanya ba sai an roƙe shi ba. Tayoyinta suna danne ƙasa har ruwa ya kasa shiga, damina ta zo ta mayar da sawun kwazazzabo.

Inda mota ba ta kaiwa, ko inda ba a son a ga gungume a kan titi, a nan take ake tsaga shi da injin hannu. A jiƙa zare da baƙin mai, a ja shi a kan gungume a buga layi, mai inji ya bi layin da ido. Ga lissafin da ya kamata kowane mai sayen katako ya sani. Sarƙa tana cin kusan milimita 9 a kowane yanka, zarton babban inji kuwa wajen 3. Falanki mai kaurin inci ɗaya milimita 25 ne. Ke nan da injin hannu, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na naman itacen yana zama gari tun kafin a yi maganar ɓawo da gefe da rassa da kan itace, waɗanda duk a daji ake barinsu. Kuma yankan hannu ba ya miƙewa, sai kafinta ya sake cinye wani kaurin da injin gogewa. In aka haɗa duka, abin da yake isa kasuwa bai fi sulusin itacen ba sau da yawa. Kowane falanki da ke rumfunanmu, biyunsa suna can sun ruɓe.

Masu ɗauko falankin a ka daga cikin daji zuwa bakin hanya da yawansu ƴan ci-rani ne daga arewa. Falanki mai inci 2 da inci 12 da ƙafa 12, ɗanye, ya haura kilo 50, kuma da shi ake tsallake rafi a kan gungume. A cikinsu na gamu da wani dattijo mutumin ƙasar Magariya, harshensa ne ya tona shi tun kafin ya faɗi garinsu. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, ku da kuke barin gawo a gona, ga ku nan kuna kwashe dajin wasu." Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, gawon gonata nawa ne. In na sare reshe, awakina ne suka ci. Wannan kuwa na wa ne? In ban ɗauka ba, kafin la'asar wani ya ɗauka." Ban ga abin da zan ƙara masa ba. A wajenmu ma lokacin da kowane itace yake na gwamnati, manomi yana ganin toho yake tumɓuke shi don kada ya girma ya jawo masa tara. Da aka sassauta, mutane suka ga itacen gonarsu su ne masu cin moriyarsa, sai aka fara bari, dokar daji ta 2004 ta zo ta tarar da abin ya riga ya kama. A Omo mutumin da yake zaune a cikin daji ba shi da haƙƙi a kan loko ko ɗaya. Na cikin gonar kokonsa ma ɗan kwangila yana iya zuwa ya kayar ya farfasa masa koko, don haka wasu tun itacen yana ƙarami suke kewaye ɓawonsa da adda ya bushe a tsaye.

Sara kaɗai ba ya kashe kurmi. Da za a ɗauki manyan a rufe hanya a ba wurin shekara talatin ko arba'in, zai rufe kansa, ko da ba da irin itatuwan da ba. Abin da yake faruwa shi ne hanyar agbegilodo ba ta rufuwa. Mai injin hannu ya bi ta ya kwashe matsakaita. Maharbi ya bi ta. Sannan manomi ya zo, ya sassabe abin da ya rage, ya sa wuta a ƙarshen rani, ya dasa ayaba don inuwa, ya sa koko a ƙarƙashinta. Koko yana son sabuwar ƙasar kurmi domin ƙarfin ƙasar a ruɓaɓɓen ganyen sama yake, ba zurfi gare shi ba, kuma sake dasa tsohuwar gona ya fi share sabuwa tsada da wahala. Farashin koko da ya yi tashin da ba a taɓa gani ba a 2024 ya ƙara wa abin wuta. Akwai kuma tsarin da hukuma da kanta ta shigo da shi, a ba manomi fili ya yi shekara biyu ko uku yana noma a tsakanin dashen gwamnati sannan ya tashi. Manomin da ya san girman dashe shi ne korarsa ba zai yi masa ban ruwa da zuciya ɗaya ba.

Mutum zai ce to a dasa loko mana, kamar yadda aka dasa malaina. An gwada. In aka dasa shi da yawa wuri ɗaya, wani ƙaramin ƙwaro yana kama tohonsa, ganye ya kumbura ya ruɓe, dashen ya tsugune. Mahogani, ɗan uwan maɗacinmu, tsutsa ce take huda kan tohonsa, sai ya yi rassa maimakon ya miƙe, katako kuwa miƙaƙƙen gindi yake so. Loko kuma akwai namiji akwai mace, jemagu ne suke yaɗa irinsa, in aka kwashe manyan matan ba iri. Obece, wani itacen katako na kurmi, ba kowace shekara yake ƴaƴa ba. Malaina a shekara 12 zuwa 15 an sare ta, loko sai ya haura 60.

Yankin nan da aka hana taɓawa shi ne ya nuna mini abin da aka rasa. Da rana tsaka ka shiga sai ka ga kamar magariba ta kusa, sanyi, ƙasa a share ba ciyawa, gindi ya tafi mita 20 ko fiye kafin reshen farko. Har yanzu akwai ragowar giwayen kurmi a Omo, ƙanana ne a kan na daji, kuma kashinsu na gani a kan hanya, su kam ba sa bari a gan su. Daga cikin wannan wuri ma, in iska ta juyo, kana jin kukan inji.

A wurin tsaga da ke bakin babban titi na yi ciniki. Ma'auninsu inci da ƙafa ne: falanki mai inci 1 da inci 12 da ƙafa 12 shi ne ƙafa kubik ɗaya cif, kuma 35 daga cikinsu ne mita kubik ɗaya a lissafinmu. A je da ma'auni a hannu, domin abin da ake kira inci 12 yanzu sau da yawa 10 ne ko 11, gungumen da za a fitar da cikakken faɗi daga cikinsa ya yi wuya. Tu bai fo, wato mai inci 2 da inci 4, ma haka. Sunaye kuma sun rikice: ana shafa wa farin katako jan ƙasa ko kala a ce mahogani ne. A kankare gefe da wuƙa a ga launin ciki, a ɗaga a ji nauyi. Busasshen loko yana wajen kilo 650 a mita kubik, obece bai kai 400 ba. Rimi, wanda suke kira araba, da ba wanda yake kallonsa, yanzu shi ma ana tsagawa, kuma bai dace da komai ba sai katakon zuba kankare. Obece da afara in ba a tsoma su a magani ba da zarar an tsaga, cikin kwanaki suke yin shuɗin tabo, daga baya ƙwaro ya mayar da cikinsu gari. Gara kuwa loko da opepe take jin tsoro, sauran sai an shafa musu magani kafin a hau da su rufi.

Kuɗin mota daga can zuwa Kano, da abin da ake ajiyewa a shingaye, da sauke kaya a sake lodi zuwa Damagaram, da kuɗin duwan, in aka tara sun kusa kamo kuɗin katakon kansa. Takardar hukumar daji ta jihar da aka ɗauko kaya dole ta bi motar, in babu ita kowane shinge sabon ciniki ne. Na dawo ta hanyar da na bi, kaya suka iso bayana.

Aikin da ya rage a nan gida yake, kuma a nan yawancinmu muke asara. Katakon da ya sha iska a kurmi ruwan da ke jikinsa yana wajen kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari, wanda aka loda ɗanye ya fi haka nesa. Iskar Damagaram ta watan Fabrairu da Maris tana janye shi zuwa ƙasa da kashi 6. In aka jefar da shi a rana, waje ya bushe ciki bai bushe ba, baki ya tsage, falanki ya murɗe. Faɗin inci 12 yana iya raguwa da santimita guda, shi ya sa ƙofar da aka haɗa da sabon kaya take buɗe haƙora kafin bazara. A jera shi a inuwa, a ɗaga daga ƙasa kamar taki ɗaya saboda gara, a sa ƴan sanduna masu kaurin santimita 2 tsakanin kowane layi, tazarar santimita 60, kowace sanda daidai kan ta ƙasanta. A shafa wa bakunan fenti ko baƙin mai, a ɗora nauyi a sama, a kare gefen da iskar gabas take bugowa da zana. Mai inci ɗaya yana son sati huɗu zuwa shida kafin a kai shi gaban kafinta, mai inci biyu kuwa sai ya ninka haka.